Ciwon mara ya ƙi ƙarewa, sikanin kuma bai nuna komai ba: me ke damuna?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 28, ina da aure, ban haihu ba tukuna. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon mara. Yana tsananta idan al'adata ta kusa zuwa har ya hana ni tashi, kuma ina jin zafi can ciki lokacin saduwa. An yi min sikanin an ce ba a ga komai ba. Duk inda na je sai a ce sanyi ne a ba ni magani, na sha har na gaji, babu sauƙi. Mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Ciwon da ya kai shekara biyu, yana tashi yana kwanciya tare da kwanakin al'ada, an yi ta ba shi maganin sanyi bai ko gezau ba, da wuya ƙwarai a ce sanyi ne. Bayanin da kika yi ya fi kama da wata cuta da ake kira endometiriyosis, kuma zan tsaya a kanta sosai. Tabbatarwa sai an duba ki ido da ido. Amma ki riƙe wannan tun yanzu: sikanin da bai nuna komai ba bai isa hujjar cewa lafiyarki ƙalau ba.

Kafin nan akwai maganar da ba ta jira, gare ki da duk macen da za ta karanta wannan. Ciwon mara iri biyu ne a wurin likita: wanda ya daɗe, wato ya kai wata 6 ko fiye, da wanda ya taso farat ɗaya. Na biyun yana iya kisa cikin sa'o'i. Macen da al'adarta ta yi jinkiri, sai ciwo ya soke ta a gefe ɗaya na mara, tana ganin ɗigon jini, jiri na ɗibarta, ko ta ji ciwo a saman kafaɗa, wannan ciki ne a wajen mahaifa har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Yana faruwa a cikin ciki 1 zuwa 2 daga kowane 100, galibi a cikin bututun ƙwai, kuma idan bututun ya fashe jini ne ke zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Haka kuma ciwo mai tsanani da ya zo kwatsam tare da amai: jakar ƙwai na iya murɗewa a kan jijiyoyin da ke kai mata jini, musamman idan akwai ƙullutu mai girman santimita 5 ko fiye a jikinta, kuma idan ba a warware ta da tiyata da wuri ba sai jakar ta mutu. Ciwo da zazzaɓi mai zafi, ko wanda ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta hannun dama kamar yadda afendis ke yi, shi ma na asibiti ne a wannan ranar, ko da tsakar dare ne. Shi ya sa duk macen da ba ta daina al'ada ba, idan ta zo da ciwon mara, gwajin ciki ne farkon abin da ake yi mata, ko tana tsarin iyali.

Sanyin mara cuta ce ta gaske, ba na raina ta. Ƙwayoyin cuta ne, sau da yawa kilamidiya ko gonoriya, suke hawa daga bakin mahaifa su shiga mahaifa da bututun ƙwai su kumbura su. Alamunsa ciwon mara ta gefe biyu, fitar ruwa mai wari ko mai launi, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, wani lokaci zazzaɓi, kuma idan likita ya motsa bakin mahaifa sai mace ta zabura. Maganinsa yana da ƙa'ida: allurar seftirayazon sau ɗaya, sannan doksisaikilin da metronidazol na kwana 14 cur, a sake duba mace bayan kwana 3 a ga ko ta fara samun sauƙi, a kuma yi wa maigida magani lokaci guda ko da ba ya jin komai, su ƙaurace wa juna har a gama. Ana matsa wa wannan ƙa'ida ne saboda tabon da cutar ke bari. Wani dogon bincike da aka yi a birnin Lund na ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 1992, ya nuna cewa toshewar bututun ƙwai ta hana kusan kashi 8 cikin 100 na mata haihuwa bayan kamuwa sau ɗaya, kusan kashi 20 bayan sau biyu, kashi 40 bayan sau uku ko fiye.

Amma sanyin da aka yi wa magani daidai warkewa yake yi. Ba ya jiran watan gobe ya dawo rana ɗaya da al'ada. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rubuta wa mace maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye ba tare da an ɗauki ruwan bakin mahaifa an auna ba. Maganin yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace, sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri su biyo baya, sai a ce ga shi nan sanyin ya dawo, a ƙara wani maganin. Ana cikin haka shekaru ke wucewa, ainihin cutar tana ci gaba, ga kuma zargi da ke shiga tsakanin mata da miji a kan cutar da babu ita. Idan an taɓa ba ki cikakken magani ke da maigidanki, gwaji kuma bai nuna ƙwayar cuta ba, ki daina karɓar wani sai da sabuwar hujja.

To, mece ce endometiriyosis? A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata, idan ciki bai shiga ba ta zube, ita ce jinin al'ada. A wasu mata, nama mai kama da wannan shimfiɗa yana tsirowa a wajen mahaifa: a kan jakar ƙwai, a bayan mahaifa, a kan jijiyoyin da ke riƙe da ita, a jikin hanji ko mafitsara. Sinadarin isturojin da ke juya al'ada shi ke ciyar da shi, don haka duk wata yana kumbura, yana tsattsafar da jini a inda babu hanyar fita. Wurin sai ya yi ta ƙuna, ya yi tabo, kayan ciki su manne da juna. Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin cewa jinin al'ada ne ke komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba a cikin ciki. Bayanin yana da ƙarfi har yau, sai dai yawancin mata jininsu na komawa baya kaɗan ba tare da sun kamu ba, don haka gado da yanayin garkuwar jiki suna da hannu. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da cutar ta fi kusa da samunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190. Duk da wannan yawa, mata kan yi shekara 7 ko fiye suna yawon neman magani kafin a faɗa musu sunan abin da ke damunsu, saboda tun suna 'yan mata ake ce musu ciwon al'ada sai haƙuri.

Ciwon al'ada na yau da kullum yana farawa da zuwan jini, ya yi kwana ɗaya zuwa uku, ya ji maganin ciwo, kuma yakan ragu da shekaru. Na endometiriyosis yana riga jinin zuwa da kwanaki, yana ƙaruwa shekara bayan shekara, yana sauka ƙugu da cinya, yana hana aiki da karatu. Zafin da kika ce kina ji can ciki lokacin saduwa alama ce mai nauyi, domin bayan mahaifa ne wurin da cutar ta fi son zama. Zan so in san ko kina jin suka a dubura idan kina bayan gida a kwanakin al'ada, ko zafin fitsari da ke zuwa a waɗannan kwanaki kaɗai. Idan amsar e ce, zargin ya ƙara ƙarfi.

Me ya sa sikanin bai gani ba? Domin nau'in da ya fi yawa ɗige-ɗige ne a shimfiɗe a jikin fatar da ta lulluɓe kayan ciki, ba su da kaurin da na'ura za ta kama. Abin da sikanin ke gani da kyau shi ne ƙullutun tsohon jini a jakar ƙwai, da ƙarin mahaifa, da bututun da ya cika da ruwa. Sannan sikanin ma suna suka tara. Wanda ake ɗora na'ura a kan ciki bai kai wanda ake yi ta gaba da siririyar na'ura fito da mahaifa da ƙwai ba, kuma ƙwararren da ya san abin da yake nema zai duba ko mahaifa na zamewa a kan hanji ko ta manne, ya nemi nau'in cutar mai nutsewa cikin nama. Ki tambaya wane iri aka yi miki. Hoton MRI yana taimakawa idan ana zargin ta shiga hanji ko mafitsara. Gwajin jini na CA-125 kuwa ba ya tabbatar da ita, ba ya kore ta, kada a tayar miki da hankali da shi.

A da ana cewa ba a tabbatar da cutar sai an yi laparoskofi, wato a sa mace barci a huda cibiya a zura siririyar kyamara a leƙa cikin ciki. A 2022 ƙungiyar ƙwararrun haihuwa ta Turai, ESHRE, ta sauya wannan matsayi: idan alamu sun yi daidai, ana iya fara magani ba sai an leƙa ba, a ajiye kyamarar sai magani ya gaza ko hoto ya nuna abin da ke buƙatar aiki. Ina ganin wannan shi ne daidai, domin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin matan da ake leƙawa saboda daɗaɗɗen ciwon mara ba a ganin komai a cikinsu, alhali ciwon nasu na gaske ne.

Dalili kuwa shi ne mara ba ta mahaifa ce kaɗai ba. Mafitsara na gaba, hanji na baya, tsokoki sun shimfiɗe a ƙasa suna tallafe da su duka, kuma jijiyoyinsu suna kai saƙo ta hanya ɗaya zuwa laka, shi ya sa mace ba ta iya bambance wanne ke ciwo. Sau da yawa ma abu biyu ko uku ne a haɗe. Idan shimfiɗar mahaifa ta nutse cikin naman mahaifar kanta, wato adinomayosis, za a ga jini mai yawa da guda-guda da mahaifar da ta ɗan girma. Ƙarin mahaifa ya fi kawo nauyi da yawan jini fiye da ciwo, kuma ganinsa a hoto ba ya nufin shi ne mai laifin; ƙanana da yawa zaune suke lafiya. Ciwon da ke tafiya da kumburin ciki, yau gudawa gobe taurin bayan gida, ya kuma sauya idan an zaga, na hanji ne. Wanda ke ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika ya lafa bayan fitsari, ana yawan zuwa banɗaki dare da rana amma awon fitsari bai nuna ƙwayar cuta ba, na mafitsara ne. Wadda ta taɓa shiga ruwan tafki ko kogi a yankin da ake samun tsargiya ta faɗa wa likita, domin ƙwan tsutsar na zama a bakin mahaifa da bututun ƙwai ya yi kama da sanyi, maganinsa kuma daban ne, firazikwantel. Tarin fuka ma yana kama bututun ƙwai a ɓoye. Macen da ta haura shekara 50 kuwa, idan sabon ciwon mara ya zo mata da kumburin cikin da ba ya sauka, da saurin ƙoshi, ko jini bayan ta daina al'ada, a bincika mata sankara ba tare da ɓata lokaci ba.

Tsokoki su ne aka fi mantawa da su, ga shi kuwa suna da hannu a ciwon mata da yawa irinki. Jikin da ya daɗe yana jin zafi yana ɗaure tsokar ƙasan mara don ya kare kansa, har ɗaurewar ta zama jiki, tsokar ta koma ita ma tana ciwo. Likita na gane haka da yatsa ɗaya, a hankali, yana danna tsokar gefe da gefe yana tambaya ko nan ne ciwon da kika sani. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da likita John Carnett ya bayyana a 1926: a danna wurin da ke ciwo a ciki, a ce mace ta ɗago kai daga kwance. Idan zafin ya ƙaru, daga bangon ciki yake, tsoka ko wata jijiya da ta maƙale, kamar yadda kan faru a gefen tabon tiyatar haihuwa. Bayan haka, jijiyoyin da suka yi shekaru suna kai saƙon ciwo kan zama masu saurin ji, kamar fatar da ta ƙone wadda ko riga ta goge ta sai ta yi raɗaɗi. A nan ne cikar mafitsara ko motsin hanji na yau da kullum ke zama azaba. Wannan sauyi ne a jijiya da laka, ba raki ba ne, ba kuma tunani ne ya ƙirƙiro shi ba, duk da cewa rashin barci da damuwa suna ƙara masa wuta. Shi ne babban dalilin da ya sa ba na son a bar mace da ciwo shekara da shekaru ana cewa ta yi haƙuri.

Abin da za ki yi kafin ki koma asibiti: ki sami takarda ki riƙa rubuta kowace rana har al'ada biyu ko uku su wuce. Ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, inda yake, ranar jini, saduwa, bayan gida, fitsari, da maganin da kika sha. Wannan takarda takan faɗa wa likita abin da hoto bai faɗa ba. Ki tafi da sakamakon gwaje-gwajenki na baya da sunayen magungunan da aka ba ki, ki nemi ganin likitan mata, ki faɗi zancen saduwa da bakinki ko da kunya ta kama ki. Kina da damar neman mace ta duba ki ko ta tsaya tare da ke, da damar cewa a dakata idan zafi ya yi yawa. Wadda aka taɓa cin zarafinta, idan ta amince da likitan, faɗa masa yana sauya yadda zai duba ta da irin taimakon da zai nema mata.

Magani yana farawa da masu rage kumburi irin su ibufurofen, nafrokzen ko mefenamik asid. Suna hana jiki sarrafa sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa, don haka sun fi aiki idan an fara su kwana ɗaya kafin ciwon ya kankama, a sha a kan lokaci bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, asma da irin waɗannan magunguna ke tayarwa, ko mai ciki, ta nisance su. Ɗumama mara da ruwan ɗumi a gora yana taimakawa. Tiramadol da kodin kuwa ki guje su: a daɗaɗɗen ciwo amfaninsu kaɗan ne, suna taurara bayan gida, jiki yana sabawa da su, kuma suna iya ƙara wa jijiyoyi saurin jin ciwo.

Ginshiƙin maganin endometiriyosis shi ne kwantar da juyin al'ada. Ana yin haka da ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu, a sha a jere babu hutu, ko ƙwayar furojestin irin su dayanojes da noretisteron, ko allurar wata uku, ko robar mahaifa mai sakin sinadari irin Mirena. Ana gwadawa wata 3 zuwa 6 kafin a yanke hukunci, kuma ɗigon jini a watannin farko ba alamar gazawa ba ce. Tsayawar al'ada a kan waɗannan magunguna ba ta nufin jini na taruwa a ciki. Shimfiɗar ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Mai hawan jini, wadda jininta ya taɓa daskarewa a jijiya, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, ba a ba ta mai isturojin, wato ƙwayar mai sinadari biyu. Idan waɗannan sun gaza akwai allurai masu kwantar da jakar ƙwai gaba ɗaya, amma suna rage ƙarfin ƙashi, don haka ba a wuce wata 6 da su sai an haɗa da ɗan sinadarin da ke kare ƙashin.

A nan ne maganarki ta bambanta, domin kin ce ba ki haihu ba. Duk waɗannan magunguna suna hana ɗaukar ciki muddin ana kansu, kuma ba sa ƙara damar haihuwa bayan an daina. Ba sa kashe ta kuma, sai dai allurar wata uku kan jinkirta dawowar ƙwai har kusan shekara. Don haka tambayar farko da za ku amsa ke da maigidanki ita ce: yanzu kuke neman ciki ko nan gaba? Idan yanzu ne, kuma kun yi shekara kuna nema, ko ma wata 6 tunda ana zargin wannan cuta, sai a duba bututun ƙwai, a auna maniyyin maigida, kuma laparoskofi ya matso gaba, domin cire cutar a matakinta na farko yana rage ciwo kuma yana iya ɗan ƙara damar samun ciki. Mata da yawa masu wannan cuta suna haihuwa ba tare da wani taimako ba. Amma kada wani ya ce miki ki yi ciki ki warke. Ciwon kan lafa lokacin goyon ciki da shayarwa, ya dawo bayan al'ada ta dawo.

Game da tiyata ina da taka-tsantsan. Aikin farko shi ne mafi muhimmanci, don haka a ba wanda ya ƙware a wannan cuta, wanda zai leƙa ya kuma cire a zama ɗaya. Duk yankan da aka yi wa jakar ƙwai yana tafiya da wani ɓangare na ƙwayayen da ke ajiye, duk buɗe ciki kuma yana iya barin sabon manni. Wasu ayyukan da aka daɗe ana yi an gwada su an ga ba su da amfani: binciken da aka yi a Birtaniya kan mata 487, wanda ya fito a 2009, ya nuna yanke jijiyoyin bayan mahaifa bai rage ciwo ba. Haka maganin gabafentin, a wani gwaji na 2020 kan mata 306 da ba a ga musabbabin ciwonsu ba, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, sai ma jiri da barci da ya jawo. Cire mahaifa yana warkar da adinomayosis, amma ba ya ba da tabbaci a endometiriyosis tunda cutar a wajen mahaifar take, kuma a shekarunki ba maganar da za a kawo ba ce.

Idan an sami ɗaurewar tsoka, ƙwararrun gashi da motsa jiki da suka karanci ƙasan mara suna koyar da sassauta ta da numfashi da miƙa jiki da tausa. Atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego yana iya ƙara irin wannan ciwon, kada ki fara shi da kanki. Idan jijiyoyi sun yi saurin ji, ƙaramin awo na amitiriftilin da dare yana taimaka wa wasu, kuma ba don ana zargin ƙwaƙwalwarki ake ba da shi ba. A zancen saduwa, ki sanar da maigida abin da likita ya ce, ko ku je tare ya ji da kunnensa. Kauce wa kwanakin da ciwon ya fi tsanani da zaɓar kwanciyar da ke ce ke iko da zurfinta suna rage zafin sosai. Duk maganin da aka ɗora ki a kai, kada ki bar ɗakin likita sai an sa miki ranar dawowa, wata 3 ya isa, kuma an faɗa miki matakin da za a ɗauka na gaba idan wannan bai yi ba.